Gambar Kan Iyaka Amana Ce

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. 'Yan'uwa manoman Gaya da Ajingi, tun daga Kademi har Toranke, ga sharar gona ta kama, huɗa na tafe. Mu yi magana kan iyaka.

Gambar da ke tsakanin gonarka da ta maƙwabcinka ciyawa ce kamar kowace gamba. Abin da ya mai da ita iyaka shi ne ranar da iyayenku suka tsaya gaban shaidu suka ce nan naka, nan nawa. Haka aduruku, haka dutsen da aka binne a kusurwa. Mutane ne suka ɗora musu wannan magana, kuma mutane ne ke riƙe ta. Don haka duk wanda ya tuge gamba ya matsar da ita taku biyu, ƙarya ya yi da hannunsa, ko da bai buɗe baki ba.

Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Ali cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci mai canza alamar ƙasa cikin waɗanda Allah Ya la'anta. Sa'idu ɗan Zaidu kuwa, da wata mata ta kai shi ƙara gaban hukuma kan fili, ya tuna musu abin da ya ji daga Annabi: mai cin ƙasar wani ko da taƙi ɗaya ne, za a rataya masa ita a wuya har ƙasa bakwai ranar ƙiyama.

Ba a cika cin iyaka rana ɗaya ba. Bana garmar shanu ta ci kunya ɗaya, baɗi ta ƙara ɗaya, har gonar maraya ta tsuke, burtali ya toshe, rigima ta tashi da makiyaya.

Kafin ruwa ya sauka, ka kira maƙwabcinka ku taka iyakar tare, ku tafi da 'ya'yanku su gani. Inda alama ta mutu, ku sake dasa ta gaban mai unguwa. In an raba gado ko an sayar da gona, a rubuta, shaidu su sa hannu. Wanda ya san ya ci, ya mayar tun yana da rai.

Allah Ya ciyar da mu halal, Ya tsare mu daga haƙƙin bayinSa. Amin.