Kirista a Bakin Dara

Akwai wata tambaya da ta cancanci mu zauna mu auna ta, ko da yake mai jinta da farko zai ɗauke ta ƙarama. Ya kamata Kirista ya zauna a bakin dara da maƙwabcinsa wanda ba addininsu ɗaya ba, da niyya a ransa ta jawo shi ga Bishara? In kuwa bai kamata ba, to, me ya kai shi zaman?

Tambayar ta faro ne daga nesa. A Turai da Amurka ana yin manyan taruka na shekara-shekara waɗanda ba a yin kome a cikinsu sai wasannin zaune, watau irin waɗanda ake yi a kan tebur da allo da kati. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Gen Con, an fara shi a 1968 a wani ƙaramin gari na jihar Wiskonsin, tun 2003 kuwa a birnin Indiyanafolis ake yinsa, inda mutum fiye da 70,000 suka halarta a 2023. Na birnin Essen a Jamus, wanda aka fara a 1983, ya tara kimanin mutum 200,000 a 2024. Ko a Abuja an fara irin wannan taro a 2016. Da yawa daga cikin masu zuwa tarukan Amurka sun daɗe da barin coci, waɗansu ma da ɓacin rai suka bar shi, gama a shekarun 1980 an yi ta wa'azi a can cewa wasu daga cikin wasannin aikin Shaiɗan ne. Ganin haka sai waɗansu ƙungiyoyin Kirista suka fara shiga tarukan, suna zama ana wasa da su, ranar Lahadi kuma su yi sujada tare da duk wanda ya so zuwa.

Mu a nan ba mu da irin waɗannan manyan zauruka, amma muna da gindin bishiya da ƙofar gida. Da zarar amfanin gona ya shiga rumbu, daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa, har Babura can kusa da iyakar Nijar, za ka tarar da magidanta sun yi da'ira a inuwa, an haƙa gurabe talatin a ƙasa, layi biyar na shida-shida. Wannan yana da tsinke goma sha biyu, wancan yana da tsakuwa goma sha biyu. Kowa ya dasa nasa bi da bi, sa'an nan a shiga matsawa gida ɗaya-ɗaya, wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin wasansa. Samari sun fi karkata ga daraf da ludo da karta, amma zaman iri ɗaya ne, mutum biyu ko huɗu a tsakiya, goma a kansu suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba.

Ku lura da abin da wannan zama yake yi wa mutane. A bakin dara ɗan hakimi da baduku 'ya'ya goma sha biyu kowannensu yake da su. Dukansu suna ƙarƙashin doka ɗaya wadda ba su suka kafa ta ba, ba mai iya saye ta, ba mai iya ɗaukaka ƙara a kanta. Ba a biyan kuɗin shiga. Gurgu yana iya cinye mai ƙafa, kurma yana iya cinye mai baki. Wurare kaɗan ne a rayuwarmu inda mutum biyu suke fuskantar juna daidai wa daida haka, gama a kasuwa ɗaya mai saye ne ɗaya mai sayarwa, a ofis ɗaya mai nema ne ɗaya mai bayarwa.

Wannan yana da nauyi a gare mu, domin a Jigawa mu 'yan kaɗan ne. Malamin makaranta, ko ɗan sanda, ko ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, yana iya yin shekara uku a Kazaure bai san wata hanya ba sai ta wurin aikinsa da ta coci. Mutanen unguwa ba su san sunansa ba, sai dai a ce Kiristan nan na gidan haya. Shi ma in an tambaye shi sunan mai shagon da ke kusa da shi, sai ya yi shiru. Wanda ba a san shi ba kuwa, kowace ƙarya aka ɗora masa takan zauna. Waɗanda suka ga abin da ya faru a Kano a watan Oktoba na 1991, sa'ad da shirin taron wa'azin Reinhard Bonnke ya zama sanadin tarzoma da asarar rayuka, sun san yadda jita-jita take gudu a tsakanin mutanen da ba su taɓa zama a tabarma ɗaya ba.

Na san akwai masu ibada a cikinmu da suke ganin wasa bai dace da mai bi ba. Ikkilisiya ba ta koyar da haka ba. Waliyi Toma na Akwino, wanda ya rasu a 1274, ya keɓe tambaya guda a babban littafinsa na tauhidi a kan wasa. Ya nuna cewa kamar yadda jiki yake gajiya ya nemi hutu, haka rai ma yake gajiya, hutunsa kuwa nishaɗi ne. Ya kawo wani tsohon labari game da Waliyi Yohanna Manzo, wanda aka tarar yana wasa da almajiransa, abin ya ɓata wa waɗansu rai. Sai ya sa wani mai baka ya yi ta harba kibiya, ya tambaye shi ko zai iya ci gaba da haka ba tsayawa. Mutumin ya amsa cewa bakan zai karye. Toma ya ƙara da abin da mutane ba su cika tsammani daga bakin malamin tauhidi ba, cewa wanda ba ya wasa ko kaɗan, kullum fuska a murtuke, yana zame wa jama'a kaya, shi ma yana da laifi. Sharuɗɗan da ya gindaya su ne kada a nemi daɗi cikin abin kunya ko abin cutarwa, kada hankali ya gushe gaba ɗaya, a kuma duba lokaci da wuri da irin mutanen da ake tare da su.

To, zaman ya halatta. Saura niyya, a nan kuwa maganar take da wuya.

A ce wani ɗan'uwa ya shiga majalisar 'yan dara, ba don yana son wasan ba, ba don yana son mutanen ba, sai don ya ƙudura cewa bayan wata uku zai jawo ɗaya daga cikinsu. Yana dariya idan an yi dariya, yana barin a cinye shi don a saki jiki da shi, yana lissafi a zuciyarsa. Abokin wasansa yana tsammani dara suke yi, alhali shi wani wasa dabam yake yi wanda bai sanar da dokarsa ba. Wannan yaudara ce, kyakkyawar manufa kuwa ba ta wanke ta. Tsaba da ake watsa wa kaza don a kama ta, ba kyauta ba ce. Majalisar Batikan ta Biyu, a takardarta ta 1965 a kan aikin mishan, ta hana ƙwarai a tilasta wa kowa karɓar bangaskiya, ta kuma hana a lallashe shi da dabarun da ba su dace ba. Ita wannan takarda ce kuma ta bukaci Kirista su haɗa kai da mutanen da suke zaune a cikinsu da ƙauna da girmamawa, su shiga cikin al'amuransu na yau da kullum. Umurni biyun suna tafiya tare: ka shiga, amma ka shiga da fuskarka a buɗe. Mutumin da ke zaune gabanka da tsakuwa a hannu, Allah ya halicce shi cikin siffarsa, bai halicce shi domin ya zama lamba a rahoton shekara na kowa ba.

Wani zai ce, ai Waliyi Yohanna Bosko da wasa ya tara yaran titi a birnin Turin tun daga 1841, tun yana yaro ma yakan yi wasan tafiya a kan igiya ya tara jama'a, sa'an nan ya maimaita musu wa'azin da ya ji a coci. Gaskiya ne. Amma bai ɓoye wa kowa ba, duk wanda ya zo kallo ya san za a yi addu'a, masu zuwa kuma 'ya'yan Ikkilisiya ne da aka riga aka yi wa baftisma. Saboda haka ikkilisiyar da ta ajiye allon daraf a harabar coci domin matasanta, ta ce za a rufe da addu'a da ƙarfe shida, hanyar Bosko ta bi, ina kuwa fata da yawa su yi haka. Wanda ya fita ya je inuwar maƙwabta, baƙo ne, dokar baƙunta ce take kansa.

Ga kuma ƙalubale mai ƙarfi daga ɗaya gefen, ba na so in raina shi. In Kirista ya zauna shekara goma a bakin dara bai taɓa ambaton Ubangijinsa ba, ina shaidarsa? Ba tsoro ne ya sa wa rigar ladabi ba? Yana iya zama haka. Wanda aka tambaye shi inda yake zuwa kowace Lahadi ya kauce, ko aka kira shi da sunan da ba nasa ba ya amsa don a ɗauka na gida ne, ya yi musun abin da yake, shi ma yaudara ya yi, irin ta mai tarko, sai dai ta juya baya. Waliyi Bitrus a wasiƙarsa ta fari, sura ta uku, ya koya mana mu kasance a shirye mu ba da amsa ga mai tambayar dalilin begenmu, da tawali'u da girmamawa. Amsa tana zuwa ne bayan tambaya. Tambaya kuwa takan zo, ranar da aka yi maka rasuwa suka zo gaisuwa suka ga yadda muke binne namu, ko lokacin Azumin kwana arba'in da suka lura ka ƙi tsire ranar Jumma'a. A 1991 Fadar Paparoma ta fitar da takarda a kan tattaunawa da sauran addinai, ta lasafta hanyoyi huɗu, ta farko kuwa ita ce zaman tare na yau da kullum, inda ake raba farin ciki da baƙin ciki. Mai wannan zama yana iya mutuwa bai ga ko mutum ɗaya ya bi shi coci ba. Juyar da zuciya aikin Ruhu Mai Tsarki ne, ba a kuwa ba mu ikon sa masa wa'adi ba.

Dole in taɓo maganar kuɗi, gama a nan ne zaman yake lalacewa. Katekizim na Ikkilisiyar Katolika, a lamba ta 2413, bai ce sa kuɗi a wasa zunubi ne a kan kansa ba. Ya ce yana zama abin ƙi sa'ad da ya hana mutum abin biyan bukatarsa da ta waɗanda ke wuyansa, ya yi gargaɗi cewa jarabarsa takan zama bauta, ya kuma ɗauki maguɗi a matsayin laifi mai nauyi. Amma a inda muke zaune, ra'ayina shi ne kada ko kwabo ya hau allo. Maƙwabtanmu Musulmi sun ɗauki caca haram, jihar Jigawa kuma tana bin dokar Shari'a tun shekara ta 2000. Waliyi Bulus ya yarda ya bar cin nama ɗungum in cinsa zai sa ɗan'uwa tuntuɓe. Ban da wannan, da zarar kuɗi ya shiga, daidaiton nan da na ambata ya tafi, mai naira dubu yana wasa da dariya, mai naira ɗari yana wasa da kuɗin cefanen gidansa. Iyaye kuma sun san abin da cacar ƙwallo ta wayar hannu take yi wa samarinmu, kowa shi kaɗai da wayarsa a ɗaki, ba mai ganin fuskarsa sa'ad da ya yi asara. Dara ko ba kome a bainar jama'a ake yinta, dattijo yana iya cewa ya isa haka.

Mata kuma suna da ƙorafi, ƙorafin nasu kuwa gaskiya ne. Magidancin da ya wuni a inuwa tun hantsi har magariba, matarsa tana daka tana ɗibar ruwa, ba zai zo ya ce mini aikin Bishara ya je yi ba. Lokacin da Toma ya ce a duba, har da lokacin iyali a ciki. Ban da haka ma, majalisar dara ta maza ce zalla. Abin da maza suke nema a can, 'yan Zumuntar Mata sun daɗe da samunsa a bakin rijiya da gidan suna da wurin adashi, ba tare da kowa ya rubuta musu makala ba.

Akwai wani ɗan lokaci a cikin zaman da nake so kowane ɗan'uwa ya yi tunani a kansa. Ana tsakiyar wasa, sai ladan ya kira sallar la'asar. Kowa ya tashi ya nufi buta, aka bar Kirista shi kaɗai da gurabe talatin, da tsinkensa da tsakuwar abokinsa. Tsinke ɗaya ne ya rage masa ya jera uku, yana gida biyu daga inda yake bukatarsa, ba kuwa mai kallo. Bayan minti goma abokin zai dawo, ya zauna, ya dubi ƙasa, ya tambaya, “Wa ke da wasa?”