Fasali a kan hakkin baƙon da aka gamu da shi a hanya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, wani muridi ya tambaye ni game da mutumin da ke tafiya a ƙauye, carbi a hannu, yana cikin wuridinsa, sai ya tarar da baƙo yana bukatar ɗan taimako, bai san shi ba, ba kuwa zai sake ganinsa ba. Shin ya yanke wuridi ya tsaya, ko ya wuce? Zan amsa da abin da ya same ni, domin kunyarsa ba ta sake ni ba har yau.

A shekara ta 1393 ta Hijira, wato 1973, shekarar fari, ina gardi, na taso daga Ɗambatta zan tafi Kazaure a ƙasa. Bayan la'asar na tarar da wani tsoho, jakinsa ya durƙushe, taikin dawarsa ya faɗi, ba mai kama masa. Ya yi mini sallama, na ɗaga masa carbi don ya ga ina cikin wuridi, na wuce, raina yana gaya mini na cika alkawari. Da na isa na ba malamina labari, ina jiran yabo. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce: "Ɗana, wuridi ana rama shi. Tsohon nan a ina za ka rama shi?" Da asuba na koma, ban tarar da komai ba sai sawun jaki da ƙwayar dawa a ƙasa.

Ku sani, Allah ya yi mana gamon katar, amsa sallama wajibi ne, ni kuwa na bar wajibi don in tsare abin da yake da ramuwa. Allah ya ambaci ɗan hanya cikin mutum 8 da ake ba zakka a Suratut Tauba, aya ta 60, ya kuma yi umurni da kyautata masa a Suratun Nisa'i, aya ta 36. Ku dubi Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya iso rijiyar Madyana yana gudun hijira, yana matuƙar bukata, ya shayar wa mata biyu dabbobinsu bai san su ba, ya koma inuwa bai nemi lada ba. Ku dubi Halliru, mutanen gari suka hana shi baƙunci, duk da haka ya tayar da bangon marayu biyu. A cikin Buhari kuma an ruwaito mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi a hanya. To, ina ga ɗan Adam?

Mutane suna cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Gaskiya ne. Amma wanda ya yi wa maƙwabcinsa alheri, sau da yawa ransa yana jiran a rama masa. Baƙon hanya kuwa ba ya ramawa, ba mai ganinku balle a yabe ka, don haka aikin ya fi kusa da ikhlasi, ya fi nisa da riya. A nan ake gane ko zikirin ya shiga zuciya ko a harshe ya tsaya.

In ka ce hanya ta ɓaci, akwai mai yin kamar mabukaci don ya cuce ka, sai in ce shari'a ba ta ɗora maka jefa kanka cikin halaka ba. In tsoron na gaskiya ne, ka wuce, ka sanar da mutanen ƙauyen da ke gaba. Amma ka binciki zuciyarka, domin rai yakan sa wa ƙyuya rigar tsantseni, kamar yadda nawa ya yi mini.

Ya kai muridi, ka riƙe abu 3. Na farko, kada ka tambayi ɗarikar mutum ko ƙabilarsa ko addininsa kafin ka miƙa masa gorar ruwa, ko ka kama masa kaya, ko ka nuna masa hanya, ko ka rage masa ita in kana bisa abin hawa. Na biyu, kada ka yi gori, domin gori yana ɓata sadaka, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 264. Na uku, in kai ne baƙon, aka ba ka ƙwaryar fura ko tabarma a zaure, ka karɓa da godiya, kada ka raina, domin watakila abincin darensu ne suka raba da kai.

Ina roƙon wanda ya karanta wannan ya yi wa tsohon nan addu'a, ya roƙa mini gafarar hakkinsa. Allah ne mafi sani. Tammat bi hamdillahi.