Fako ma ya cancanci hoto

Karɓi wayar kowane saurayi a Tajaye ko Malbaza ka leƙa hotunan da ke ciki. Fuskoki ne zalla: ango da abokansa, jariri ranar suna, sabon babur. Da wuya ka ga gonar da ta ciyar da mai wayar, balle itacen da ke tsakiyarta. Ni kuwa tun ƙuruciya ƙasa ce ke ɗaukar mini hankali, kuma har furfura ta fito ban daina tsayawa bakin hanya ina ɗaukar hoton tudu da fadama ba. Masu wucewa kan ce, "Malam, wa kake ɗauka, ba kowa a wurin?"

Gawo ne ya koya mini wannan aiki. Da damina, lokacin da kowane itace ke ado, shi sai ya zubar da ganyensa ya tsaya tsirara, gero ya samu rana a gindinsa ya yi tsawo fiye da na gefe. Wanda ya ɗauke shi a watan Agusta zai rantse busasshe ne. Sai ka koma a Janairu, ka tsaya daidai inda ka tsaya a da, da sassafe kafin hazo ya shafe komai: ga shi kore shar a cikin gona mai kara da ƙura, awaki sun ɗaga kai suna jiran 'ya'yansa su faɗo. Hoto guda na iya yi maka ƙarya. Biyu daga wuri ɗaya, a lokuta dabam, su ne shaida.

Haka shamuwa da ke sauka gabanin ruwan farko, haka tulin albasar Galmi a bakin titi, haka ruwan madatsar Mozage da ke cika ya ja baya. Duk sai da komawa.

Dattawanmu kan ce da daji ne, yanzu duk ya ƙare. A wurare da yawa gaskiya suka faɗa. Amma wani masanin ƙasa ɗan Amurka, Gray Tappan, ya jera hotunan sama na garin Galma, nan cikin jihar Tawa, ɗaya na 1975 ɗaya na 2003, sai aka ga itatuwan gonaki sun fi yawa nesa ba kusa ba a na biyun. Manoma ne suka daina sare tsiron da ke fitowa da kansa, suka riƙa gyara shi yana tashi. Mutanen da suka yi aikin ma ba su san girman abin da suka yi ba, don kullum suna cikinsa. Gani ya kori ji.

A ƙasar Illela kuwa, a 1989 wasu manoma suka je Yatenga ta Burkina Faso suka ga yadda ake farfaɗo da matacciyar ƙasa. Suka dawo suka kama haƙa tassa: ɗan rami a kan fako, a zuba taki, ruwan sama ya kwanta ciki, a shuka gero. Fakon da ko kyauta ba a so, wajen Badagishiri, ya zama abin saye da sayarwa. Abin da ke ci mini rai shi ne, hotunan wancan fako kafin a taɓa shi yawanci suna hannun baƙin da suka zo aiki suka tafi. Mu ba mu ga abin ɗauka ba a lokacin, don babu kyau a cikinsa. Yau jikan mai gonar ba shi da abin da zai kalla ya san wahalar da kakansa ya sha.

Don haka, ɗan'uwa mai waya a aljihu, zaɓi wuri guda: gonar gidanku, ko kwazazzabon da ke cin hanyar garinku. Nemi izinin mai wurin, kuma ka nisanci inda jami'an tsaro suke, musamman wajen iyakar Ƙonni. Ɗauke shi damina da rani, kowace shekara, daga inda ka saba tsayawa. Kai a wanke maka hoton a takarda, don waya na ɓata, sannan ka rubuta sunan wurin da kwanan wata a bayansa.