Yaron Da Ya Dawo Da Kwanonsa Cike: Tilas Ko Lallashi?

  

A wannan mako za mu shiga madafa, domin akwai wata magana da iyaye mata suka daɗe suna yi a tsakar gida, maza kuwa suna ganin ba ta isa a kawo ta zaure ba, alhali tarbiyyar ɗa tana cikinta. Maganar ita ce ta yaro mai zaɓen abinci, wanda uwarsa take tashi tun asuba ta hura wuta, ta zuba masa ɗan abin da zai ci a makaranta, amma in an tashi sai ya komo da kwanon kamar yadda ya tafi da shi.

Mu ɗauki gari irin Fakku, a Ƙaramar Hukumar Kebbe, kudancin Jihar Sakkwato, inda abin da ke cikin tukunya gumin maigida ne, gero da dawa da wake da ya noma da hannunsa. A da yaro a gida yake karyawa, cikin akushi ɗaya da yayyensa, idon uwa a kansa. Tun da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, hantsin yara da yawa ya koma makaranta, cin abincinsu kuma ya fita daga gaban iyaye. To, in kwano ya dawo cike, sai gida ya rabu biyu. Uba ya ce a bar shi, yunwa za ta koya masa hankali, in ta ƙi bulala ta koya masa. Uwa kuwa tausayi ya kama ta, gobe ta danƙa masa kuɗin tara ya sayi biskit da alawa a ƙofar makaranta. Wane ne a kan gaskiya a cikinsu?

Kafin mu amsa sai mu raba abu biyu da mutane suke haɗawa, watau ƙin abinci da raina abinci. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an taɓa kawo wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, gasasshen damo a ɗakin Nana Maimunatu, da aka faɗa masa ko mene ne sai ya janye hannunsa. Halidu ɗan Walidu ya tambaye shi ko haramun ne. Ya amsa masa cewa bai haramta ba, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, saboda haka ransa ba ya so. Halidu ya jawo naman ya ci, Annabi yana kallonsa. Ashe ke nan ran mutum yana iya ƙin halas ba tare da zunubi ba, kuma dalilin da Fiyayyen Halitta ya bayar shi ne rashin sabo. In rashin sabo ya zama uzuri ga babba, yaya za a hana shi ga ɗan shekara shida?

Amma fa Abu Huraira ya ba da shaida cewa Annabi bai taɓa aibanta abinci ba ko sau ɗaya: in yana sha'awa ya ci, in ba ya so ya bari. Nan iyakar take. Yaro yana da damar ya ce ya ƙoshi, ko ya ce yau ba ya jin cin ɗanwake. Ba shi da damar ya yatsina fuska, ya ture kwano da ƙafa, ya ce tuwon dawa abincin matsiyata ne. Na farkon ɗabi'a ce da Allah ya halitta, na biyun kuwa butulci ne da ake koyo. Suratul Baƙara ta ba mu labarin Bani Isra'ila, yadda aka saukar musu da abinci daga sama suka ce sun gaji da iri ɗaya, suka nemi albasa da kayan lambu. Albasa ba laifi ba ce, abin da aka zarge su da shi shi ne raina abin da ya fi alheri. Saboda haka aikin iyaye ya fi ƙarfi a kan harshen yaro da halinsa, ya fi sauƙi a kan yawan lomar da ya haɗiye.

To, bari mu dubi hujjar uba. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa da ƙarfin tsiya karya shi yake yi. Umaru ɗan Abu Salama yaro ne da ya tashi a hannun Annabi, shi da kansa ya ba da labari cewa hannunsa yana ta yawo cikin akushi, sai Annabi ya umurce shi da ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa. Umaru ya ce haka ya ci gaba da cin abinci har iyakar rayuwarsa. Ku duba da kyau, babu mari a wannan labari, babu tsawa, kuma gyaran ya tsaya ga ladabin ci. Mu kuwa tun yaro yana goye muke fara masa ɗura, a danne shi a toshe masa hanci a kwarara masa kunu, abin da likitoci suka daɗe suna gargaɗi a kansa domin kunun yana iya bin hanyar numfashi. Yaron da ya san abinci da kuka da bulala, in ya sami kansa a makaranta babu mai tsare shi, me zai sa ya buɗe kwanon?

Likitocin yara sun lura cewa gudun baƙon abinci yakan yi ƙarfi tsakanin shekara 2 zuwa 6, sa'an nan ya riƙa raguwa, kuma yaro yakan buƙaci a gabatar masa da abu sau goma ko fiye kafin ya karɓe shi. Wani lokaci kuma ba tsirfa ba ce sam. Tsutsar ciki da ƙarancin jini da ciwon haƙori da zazzaɓin cizon sauro duk suna kashe sha'awar ci. Ruwa ba ya tsami banza. Yaron da yake ramewa, ko ya daina wasa, asibiti ya kamata a kai shi, wanda ya doke shi kuwa ya zalunci marar lafiya.

Haka nan kada a yi masa ƙarya. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wata sahabiya ta kira ɗanta da alkawarin za ta ba shi wani abu, Annabi ya tambaye ta abin da ta yi nufin ba shi, ta ce dabino, sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi kome ba, da an rubuta mata ƙarya. Uwar da ta ce cinye in saya maka keke, ko ta ce in ba ka ci ba dodo zai zo, ta sayi loma uku da amanar ɗanta, kuma ta yi mugun ciniki.

Sai hujjar uwa. Tausayinta abin yabo ne, amma tausayin da ya miƙa wa yaro linzami ya zama cuta. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi bayani cikin Ihya'u Ulumiddini cewa kwaɗayin abinci shi ne hali na farko da yake rinjayar yaro, har ya ba da shawara a riƙa saba masa da cin gurasa gaya wani lokaci, don kada ya ɗauka miya dole ce. A mazhabar Malikiyya ciyar da ɗa wajibi ne a kan uba, namiji har ya balaga yana iya nema, mace har ta tare a gidan mijinta. Abin da aka wajabta shi ne abin da zai tsayar da jiki gwargwadon hali, ba duk abin da ido ya gani a tiren mai talla ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi. A irin wannan ƙasa, a ce magidanci ya kai mudun wake ko na gyaɗa kasuwa ya sayar, kuɗin ya ƙare a biskit da lemon kwalba, ai ya fitar da abin gina jiki daga gidansa ya shigo da sukari. Ga kuma camfin da ke cewa yaron da ke cin ƙwai zai yi sata, wanda ba shi da tushe a addini, ya hana yara da yawa abinci mai amfani alhali kaji da zabi suna yawo a tsakar gida.

Hanyar da muke gani ita ce a raba aiki. Iyaye su ne masu zaɓen abin da zai shiga kwano da lokacin ci, domin su aka ba kiwo, su za a tambaya. Yaro shi ne mai sanin inda cikinsa ya tsaya, domin shi ke ɗauke da shi. In uwa ta riƙe nata ta bar masa nasa, faɗan ya ragu da rabi. A zuba kaɗan, gama tulin abinci yana karya zuciyar ƙaramin yaro tun bai fara ba. A haɗa abin da ya saba da shi da ɗan kaɗan na wanda yake gudu, in ya dawo da shi a yi shiru, jibi a sake sawa. A kuma yi la'akari da zafin ƙasarmu: daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce awo 40 a ƙasar Sakkwato, abinci mai ruwa da aka rufe tun ƙarfe bakwai yana iya juyawa kafin a fita tara, yaron da ya ƙi shi kuwa hancinsa ne ya yi masa gaskiya. Ƙosai da hoce da dafaffen ƙwai da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da dankali da dabino sun fi jure hanya, a haɗa masa da gorar ruwa mai tsabta.

Abin da ya fi duka ƙarfi shi ne abin da yaro ya gani. Anas ɗan Maliku ya raka Annabi gidan wani tela da ya gayyace shi, ya ga yana bin yankan kabewa a gefen akushi yana ci, Anas ya ce tun daga ranar bai daina son kabewa ba. Ba wanda ya umurce shi. Uban da yake kushe miyar kuka a gaban 'ya'yansa, ya fita ya ci tsire shi kaɗai a bakin tasha, shi ya rubuta wa ɗansa darasin da yake dukansa a kai. Ku zauna ku ci tare da su, ku yaba wa mai girki su ji, ku sa yaro ya tsinko zogalen da za a yi kwaɗo, domin abin da hannunsa ya taɓa ya fi saurin shiga bakinsa.

Saura maganar abin da ya rage a kwano. Suratul A'arafi ta halatta ci da sha ta kuma hana almubazzaranci, saboda haka zubar da shi a bola ba hanya ba ce. Kuma a kan benci ɗaya da wannan yaro akwai wanda ya fito gida bai karya ba. Shirin ciyar da 'yan firamare da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2016 ya soma ne da naira 70 ga kowane yaro a rana, ga 'yan aji 1 zuwa 3 kaɗai, a watan Janairu na 2024 kuma aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi. Yunwar ɗan maƙwabci ba ta jiran kasafin kuɗi. Amma a nan akwai wani tarko da ya kamata iyaye su lura da shi. In muka saba wa yaro cewa duk abin da ya ƙi sai a miƙa wa almajiri, mun koya masa cewa mabuƙaci juji ne. Alƙur'ani ya hana mutum ya nufi marar kyau ya yi sadaka da shi, abin da shi kansa ba zai karɓa ba sai da runtse ido. Abin da ya fi shi ne uwa ta sa ƙosai shida ta ce biyu na abokinka ne, a raba tun kafin a fara ci, daga cikin abin da yaron yake so. Sau da yawa ma za ku ga wanda ba ya ci shi kaɗai, in ya sami abokin ci ya share kwano.

Wani zai ce, Malam, wannan duk zancen masu hali ne, mu da ɗumame kaɗai muke da shi ina muka ga zaɓi? Amsa ita ce Allah bai ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa ba, kuma ɗumamen da aka miƙa da sakin fuska, aka yi bismilla a kansa, ya sauke nauyi. Rashin duka da rashin ƙarya da yaba abinci a gaban yara ba sa cin ko kwabo. Wanda muke jin tsoro a kansa shi ne mai halin da ya bar wa mace dukan wahalar, bai san abin da ɗansa ya ci ba, sai ranar da ya ga kwano cike ya ɗauko bulala. Ya ku magidanta, ku tambayi iyalinku yau da dare abin da aka zuba wa yaro da safe, da abin da ya dawo da shi.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a cikin abin da ya azurta mu da shi, ya ciyar da wanda ba shi da shi.