KAKANA YANA INA? TAMBAYAR WANI ƊAN BAUTAR ƘASA

Bayan sallar Isha'i ranar Talata wani matashi ɗan yankin Roni ya tsaya har jama'a suka watse, sannan ya matso ya ce, "Allah gafarta Malam, kakana yana ina?"

Yana bautar ƙasa ne a Jihar Abiya. Kakansa Bamaguje ne, ya rasu bai musulunta ba, mahaifinsa ne ya karɓi Musulunci. Wani abokin aikinsa a can, mabiyin cocin da ake kira Mormon, ya ce masa ya kawo sunan kakan a yi masa baftisma a madadinsa, ƙofa ba ta rufe ba. Wani kuma ɗan ECWA ya ce wannan zancen banza ne, wanda ya mutu bai karɓi Yesu ba ya halaka. Yaron ya dawo hutu da maganganun nan biyu a ransa, kuma na lura ta farkon ta taɓa shi. Wa ba ya son a ce masa akwai hanyar ceto kakansa?

Da farko mu san cewa Kiristoci ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan mas'ala. Akwai masu tsanantawa, waɗanda suka ce babu ceto sai ga wanda ya ji bishara ya yi imani da Almasihu tun yana raye, suna kafa hujja da Yohanna 14:6 da Ayyukan Manzanni 4:12. Wannan fahimta ce ta taso da 'yan mishan na SIM tun 1893, har suka kafa tasha a Roni ɗin nan tamu, kuma daga cikinsu cocin ECWA ta fito a 1954. Duk wanda ya yarda cewa Bamaguje zai shiga wuta in bai ji saƙonsa ba, dole ya ketare teku.

Katolika ma da can haka suke. Cyprian, limamin Kartaj a Tunisiya ta yau, wanda aka kashe a 258, ya koyar da cewa babu ceto a wajen coci, kuma taron Florence na 1442 ya tabbatar da hakan a kan Yahudawa da arna. Amma a babban taron Vatican na biyu, tsakanin 1962 da 1965, sai suka sassauta. Takardarsu ta 1964 ta ambaci Musulmi da suna a cikin shirin ceto, ta ce wanda bai san bishara ba, ba da laifinsa ba, kuma ya nemi Allah da gaske, zai iya tsira. Sai dai a lura da kyau: a wurinsu ko ya tsira, ta hanyar Almasihu ya tsira, ya sani ko bai sani ba. Har malaminsu Karl Rahner ya kira irin wannan mutum Kirista wanda bai san shi Kirista ba ne. Wato ni da nake limanci, in na yi kirki, Kirista ne a ɓoye! Na gode, amma ban nema ba.

To su Mormon fa? Joseph Smith ne ya kafa cocinsu a Amurka a 1830, bisa da'awar cewa duk sauran coci-coci sun ɓace, shi aka maido wa ikon firistanci. A 1978 suka fara yi wa mutane baftisma a Najeriya, shekarar da suka ɗage haramcin ba baƙar fata firistanci, kuma sun buɗe haikalinsu a Aba a 2005. A koyarwarsu kusan kowa zai samu wani matsayi na ɗaukaka a lahira, hawa uku: mai haske kamar rana, mai kamar wata, da mai kamar taurari. 'Yan ƙalilan ne kawai za a jefa cikin duhu. A Fabrairun 1978 shugabanninsu har sanarwa suka fitar cewa Annabi Muhammad (SAW) ya samu wani kaso na hasken Allah.

Ka ji kamar babu wanda ya fi su faɗin ƙirji. Amma hawa na sama, inda ake zama tare da Allah, ba mai shigarsa sai da baftismarsu, ta hannun firistansu. Shi ya sa tun 1840 suke nutsar da rayayye a ruwa da sunan mamaci, wai a can duniyar ruhohi za a yi masa wa'azi, ya karɓa ko ya ƙi. Wannan ne dalilin da suke tattara sunayen kakannin mutane a duniya. Yahudawa sun yi ƙorafi da suka gano ana yi wa waɗanda Hitler ya kashe, har aka yi yarjejeniya a 1995. Katolika kuwa a 2001 ta ce baftismar Mormon ba ta inganta ba. Ƙofa a buɗe take, amma makullin ɗakin sama yana aljihunsu.

Na ce wa yaron, kai ma ba a bar ka hannu rabbana ba. Mu ma mun yi imani cewa bayan zuwan Manzon Allah (SAW) ba a karɓar wani addini sai Musulunci, Ali Imrana aya ta 85, ba ma jin kunyar faɗa. Amma Suratul Isra'i aya ta 15 ta nuna Allah ba Ya azabtarwa sai bayan aiko manzo. A nan malamai suka yi dogon bayani kan Ahlul Fatra. Imam Ahmad ya ruwaito hadisin Aswad bin Sari'i game da mutum huɗu da za su kawo uzuri ranar ƙiyama: kurma, da mai taɓin hankali, da tsohon da ya ruɗe, da wanda ya mutu saƙo bai iso masa ba, kuma za a jarraba su a ranar. Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun ƙarfafi wannan. Imam Gazali ya ma ƙara da wanda ya ji sunan Annabi amma a gurɓace, an siffanta masa shi da ƙarya tun yana yaro, ya ce yana fatan rahama ta haɗa da shi.

Sai ya ce, "Amma Malam, kakana yana jin kiran sallah a kasuwar Kazaure." Gaskiya ne, kuma a nan na yi shiru na ɗan lokaci. Jin kiran sallah daban, tsayuwar hujja daban. Wa ya zauna ya karantar da shi? Ko kuwa abin da ya sani game da mu shi ne jangali da kiran sa arne? Ni ban sani ba, shi ma bai sani ba. A hukuncin duniya ba za mu nema masa gafara ba, Suratut Tauba aya ta 113 ta hana, kuma Annabi da kansa ya nemi izinin nema wa mahaifiyarsa gafara ba a ba shi ba, sai ziyarar kabarinta. Amma yanke wa wani mutum ayyananne wuta, wannan ba aikina ba ne, kamar yadda cire shi daga cikinta ba aikin wani tafki a Aba ba ne.

Na tambaye shi ko akwai sauran dangin kakan da ke raye a kan al'adar. Ya ce akwai ƙanwar kakan, tsohuwa, a wani ƙauye wajen Gwiwa. Na ce yaushe rabonka da ita? Ya sunkuyar da kai, ya ce shekara shida. Mun yi da shi ranar Asabar za mu je tare, zai saya mata goro da turmin atamfa.