Yabon Bakin Kabari

A ranar 10 ga Yuni, 2016, Shu'aibu Amodu ya rasu a birnin Benin yana da shekara 58, kwanaki kaɗan bayan rasuwar abokin aikinsa Stephen Keshi. Duk wanda ya kunna rediyo a makon nan, ko a Talata Mafara ko a Legas, ya ji yabo yana kwarara kamar ruwan Agusta. Aka tuna cewa shi ne ya ci wa BCC Lions ta Gboko kofin Afirka a 1990. Aka tuna haƙurinsa da sanin aikinsa.

Abin da masu yabon suka bi ta kansa da sauri shi ne wannan: sau biyu Amodu yana samar wa Nijeriya gurbi a gasar cin kofin duniya, sau biyu kuma ana sallamarsa kafin a tafi. A 2002 aka miƙa 'yan wasan ga Festus Onigbinde. A 2010 aka ɗauko Lars Lagerbäck daga Suwidin ya kai su Afirka ta Kudu. Keshi ma ya sha irin wannan a Togo, wadda ya kai gasar 2006 amma Otto Pfister ya je da ita Jamus.

Mai karanta Littafi Mai Tsarki ba zai rasa tuna Musa ba. Shekara arba'in yana jan jama'a cikin jeji, ya hau Dutsen Nebo ya hango ƙasar alkawari, Joshuwa kuwa ya ƙetare Urdun da su (Maimaitawar Shari'a 34). Sau da yawa mu masu wa'azi mukan ɗauko wannan labari a wurin jana'izar irin waɗannan mutane, mu ce ladansu yana wurin Allah. Gaskiya ne, yana can. Amma ina jin tsoron yadda muke saurin faɗin haka. Wanda ya tsayar da Musa a bakin iyaka Allah ne, bisa ga hukuncinsa mai adalci. Waɗanda suka tsayar da Amodu mutane ne irinmu, masu zama a taro su ɗaga hannu. Idan muka lulluɓe butulcin mutum da rigar nufin Allah, mun yi wa mamaci zalunci na biyu, mun kuma wanke kanmu da ruwan da ba namu ba.

Shari'ar Musa ta hana mai gida ya riƙe hakkin ɗan ƙodago har gari ya waye (Littafin Firistoci 19:13), Yakubu kuma ya ce hakkin masu girbi da aka danne yana kai ƙara gaban Ubangiji (Yakubu 5:4). A ganina, godiya tana cikin wannan hakki. Wanda ya yi maka aiki yana bin ka kuɗinsa, yana kuma bin ka shaidar cewa shi ya yi. Yabon da aka ajiye sai ranar binnewa hakki ne da ya kwana shekaru a aljihunmu, muka fito da shi a ranar da mai shi ba shi da hannun karɓa.

Kada mai karatu ya ce wannan maganar manya ce ta Abuja. A Bakura da Maradun da Mafara akwai malamin wasanni a kusan kowace makarantar sakandare. Shi ne yake fitowa tun da asuba cikin sanyin hunturu ya ja layukan tsere da toka, usur a wuya, ya koya wa yaro marar takalmi yadda zai ajiye numfashinsa don zagaye na ƙarshe. Ranar gasa babban baƙo ne yake miƙa kofi, da shi ake ɗaukar hoto. Haka abin yake tun dā: kowa a ƙasar Zamfara ya san Shago saboda waƙar Ɗan Anace, amma ka tambayi matasan dandali wa ya fara ɗaura masa zare a hannu, ka ga yadda za a yi shiru. Mai cin shinkafar Bakolori ma ba safai yake tuna wanda ya yashe magudanar ruwa ba.

Akwai mai cewa mutumin kirki ba ya aiki don a yaba masa, don haka rashin yabo bai rage shi da kome ba. Na yarda da rabin farko. Bulus ya ce shi ya dasa, Afolos ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa girma, bai kuwa nemi a ɗaga shi ba. Amma wannan Bulus ɗin, a ƙarshen wasiƙarsa zuwa ga Romawa, ya jera sunayen mata da maza fiye da ashirin waɗanda suka yi wahala cikin aikin, yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya tun suna da rai, a wasiƙar da za a karanta a gaban jama'a suna zaune. Tawali'un ma'aikaci nasa ne. Bai sauke mana bashinmu ba.

To, idan malamin ya riga ya rasu fa? Saura abin da ya bari. Yana da matar da take zirga-zirga kan kuɗin fanshonsa, yana da 'ya'yan da ake kora gida don kuɗin makaranta, ga kuma filin da ya share shekara talatin ya fara komawa kangon ciyawa. Tsofaffin ɗalibansa da suka zama sojoji da malamai da 'yan kasuwa sun san ƙofar gidan, don a nan suka sha ruwa bayan atisaye.