Fatawa: Ɗan Taloka Mai Ɗaukar Hoto a Jamus da Abin da Yake Yi Ranakun Hutu

TAMBAYA

Ni mutumin Taloka ne ta ƙaramar hukumar Goronyo, yanzu ina zaune a birnin Hamburg na ƙasar Jamus, kuma sana'ata ɗaukar hoto. Ranar da babu aiki nakan rataya kamara in hau keke in bi bakin kogin Elbe, ina ɗaukar jiragen ruwa da tsuntsaye da masu wucewa. Nakan buga ƙwallo da wasu ƴan zango mutanen Gana, nakan shiga gidan tarihi, ina kuma kiwon tattabaru kamar yadda na saba tun ina yaro. Idan na zo gida gaida iyaye nakan ɗauki masunta a dam ɗin Goronyo, da manoman albasa a fadama, da kasuwa, da ƴan gudun hijira. Wasu hotunan ina sa su a Instagram, wasu kuma ana saye. Wani abokina ya ce mini duk wannan haramun ne da ɓata lokaci, kuma masu yin hoto suna cikin waɗanda za su fi shan azaba ranar ƙiyama. Hankalina ya tashi ƙwarai. Mene ne hukunci?

AMSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da amincinsa su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya. Abokinka bai ƙirƙiri hadisin da ya faɗa maka ba. Yana cikin Bukhari da Muslim, kuma ba shi kaɗai ba ne a babin. Akwai labarin labulen Nana A'isha mai zane-zane wanda Annabi (SAW) ya nuna ɓacin rai da ya gan shi, har aka yanka shi aka yi matasai. Akwai kuma mutumin da ya zo wa Ibn Abbas yana cewa da zane yake ci, Ibn Abbas ya tsoratar da shi, sannan ya nuna masa ya riƙa zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Malamai sun fitar da dalili biyu na wannan tsanani: kwaikwayon halittar Allah da hannu, da buɗe ƙofar bautar wanin Allah, kamar yadda ya faru ga mutanen Annabi Nuhu, waɗanda suka fara da siffanta salihansu don tunawa da su, daga baya jikoki suka bauta wa siffofin.

Abin da muke karantawa a zaurukanmu na Wurno da Rabah da Goronyo, wato mazhabar Imamu Malik, ya rarrabe. Masu sharhin Mukhtasar na Khalil, irin su Dardir da Dasuƙi, sun tattauna mas'alar a babin walima, suka ce siffar da take haramun ita ce ta mai rai, mai jiki da ke yin inuwa, cikakkiyar gaɓoɓi, kamar gunki ko mutum-mutumi. Wadda ba ta da inuwa, kamar zane a takarda ko a bango, makaruhi ce idan an ajiye ta wurin girmamawa, idan kuwa a wurin da ake takawa take, barin ta ne kawai ya fi. Mai Risala ma karhanci ya ambata game da siffofi a bango da gado da zobe. Imamu Nawawi na Shafi'iyya ya tsananta, bai bambanta mai inuwa da marar inuwa ba.

Duk waɗannan sun yi magana ne kafin kamara ta zo duniya. A 1839 aka bayyana fasahar ɗaukar hoto a Faransa, shekara biyu bayan rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno a 1837. Shehu Ɗanfodiyo kuwa tun 1817 ya rasu. (Saboda haka duk hoton da ka ga ana yawo da shi a waya da sunan Shehu ko Bello ƙarya ne, kada ka taya yaɗa shi.) Da kamara ta iso ƙasashen Musulmi sai malamai suka rabu. Shaikh Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, muftin Masar wanda ya rasu a 1935, ya rubuta risala ta musamman yana halatta ta. Hujjarsa ita ce mai kamara ba ya ƙera hanci ko ido, yana tsare siffar da Allah ya riga ya halitta ne, kamar yadda take fitowa a madubi. Shaikh Ibn Baz da Shaikh Albani sun hana, sai don larura irin ta fasfo da katin shaida. Shaikh Ibn Usaimin ya ga hoton kamara ba ya shiga ƙarƙashin zanen da aka hana, amma hukuncinsa yana bin manufar da aka ɗauke shi dominta.

Abin da nake ba da fatawa da shi shi ne ɗaukar hoto da kamara halal ne a asalinsa, kuɗin da ka samu da shi halal ne, muddin abin da ka ɗauka halal ne a kalla. Jiragen ruwa da kogi da gine-gine babu saɓani a kansu ko kaɗan. Abokinka yana bin maganar manyan malamai, don haka kada ka raina shi, kada kuma ku ɓata a kan mas'alar da malamai suka saɓa. Abu ɗaya nake hana ka ba tare da sassauci ba: ka buga babban hoton malami ko shehi ko sarki don a rataya a ɗaki ana neman albarkarsa. Nan dalili na biyu, na buɗe ƙofar bautar wanin Allah, yana nan da ransa.

Zancen ɓata lokaci ba zai ɗauke mu nisa ba. Hanzala ya ji tsoron munafunci saboda yana wasa da iyalinsa bayan ya bar majalisin Annabi (SAW), aka kwantar masa da hankali cewa kowane abu da lokacinsa. Salmanu ya tuna wa Abud Darda'i cewa jikinsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, Annabi (SAW) ya gaskata shi. Shi kansa Manzon Allah ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma bar Habashawa suna wasan mashi a masallaci. Mutumin da ke zaune shi kaɗai a ƙasar sanyi, nesa da uwa da uba, idan bai sami keke da ƙwallo da abokan kirki ba, abin da zai cike masa gurbin ya fi su sharri nesa ba kusa ba. Ka hau kekenka. Ka buga ƙwallonka da wando mai rufe gwiwa, kuma kada kuɗin caca ya shiga, ko na fili ko na waya. Gidan tarihi ka shiga don ilimi da lura, ganin gunki a cikin gilashi ba bauta ba ce, amma kada ka sayo ƙaramin irinsa ka ajiye a ɗaki. Tattabaru halal ne kiwonsu, ƙanin Anas ɗan Malik yana da ɗan tsuntsu kuma Annabi (SAW) yakan tambaye shi labarinsa. Sharaɗi shi ne hatsi da ruwa kada su yanke, ko kana tafiya. Abin da Khalil ya lissafa cikin masu zubar da mutuncin mai shaida shi ne mayar da wasan tattabara abin yi dare da rana.

Salla ce nake ji maka tsoro a nan. Na san masu sana'arku sun fi son hasken da rana ke bayarwa gab da faɗuwarta, kuma wannan shi ne ƙarshen La'asar da farkon Magariba, wadda lokacinta ƙunci ne da shi a mashhurin mazhabarmu. A garin da kake, rana takan kai kusan ƙarfe 10 na dare ba ta faɗi ba a watan Yuni, a Disamba kuwa wajen ƙarfe 4 na yamma ta tafi, Azahar da La'asar da Magariba su taru cikin awoyi kaɗan. Ka fita da alwala, ka yi La'asar kafin ka buɗe jakar kamara, ka riƙe jadawalin masallacin da kake Juma'a.

Yanzu ga abin da ya fi nauyi a wasiƙarka, wanda kai ba ka ɗauke shi tambaya ba, abokinka ma bai taɓo shi ba. Mutanen da ke cikin hotunan nan, sun yarda?

Allah ya hana bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurat, ya hana shiga gidan wani ba izini a Suratun Nur, ya kuma umarci maza da mata da runtse ido. Lokacin da wani ya leƙa ɗakin Annabi (SAW) ta kafa, Annabi ya fusata, ya bayyana cewa saboda ido aka shar'anta neman izini. To idan kallo guda mai wucewa yana da wannan nauyi, ina ga kallon da aka tsare, aka kwafa, aka aika wa dubban mutane, kuma mai shi ba zai iya janye shi ba har abada? Saɓanin malamai a kan kamara yana cikin haƙƙin Allah, kuma Allah Mai yafiya ne ga wanda ya bi malami da gaskiya. Mutuncin bawa kuwa haƙƙinsa ne, sai shi ya yafe.

A Jamus hukuma ta riga ta ɗaure ka. Tun 1907 suna da dokar da ta hana yaɗa hoton mutum ba da yardarsa ba, ban da wasu wurare kamar taron jama'a, ko inda mutum ya faɗo cikin hoton wuri ba shi aka nufa ba. Bizar da ka shiga da ita alkawari ne, cika shi wajibi ne a kanka a addini, ba don tsoron tara kaɗai ba. Ka tuna wani ɗan garin da kake zaune, Heinrich Barth, wanda aka haifa a Hamburg a 1821, aka san shi a ƙasarmu da Abdulkarim. Ya zauna a Wurno a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, aka ba shi masauki da takardar aminci, ya karanta littattafan malamanmu, ya wuce lafiya. Amanar da kakanninka suka ba baƙo ita ce yau aka ba ka, ka riƙe ta kamar yadda muke so baƙo ya riƙe tamu. Matan da ke wucewa a bakin kogi cikin shigar da ba ta rufe jiki ba, rashin damuwarsu bai halatta maka kallo ba, balle ajiyewa.

Abin da ke damuna shi ne kada ka kiyaye wannan ga Bajamushe saboda yana da lauya, ka zo gida ka sake da masunci saboda ba shi da kowa. Talakanmu yana da kunya. Idan ɗan gari ya dawo daga Turai da kamara ya ce "Baba, tsaya in ɗauke ka", ba zai ce a'a ba ko ransa ba ya so. Wannan shirun ba izini ba ne. Izini shi ne ka gaya masa da Hausar da yake ji cewa hoton zai hau intanet, mutanen da bai sani ba za su gani, mai yiwuwa a saya, sannan ka ba shi sararin ƙi ba tare da jin nauyi ba. Yaro sai da yardar waliyyinsa. Matar aure a cikin gida ko a bakin rijiya, ka sauke kamara, sai in ita da mijinta sun nema kuma tana cikin suturarta. Dam ɗin kansa wurin gwamnati ne, ka tambayi masu kula da shi kafin ka ɗauka.

Ƴan gudun hijira kuwa sun fi kowa cancantar a tausaya. Mutumin da ƴan bindiga suka kora daga garinsa, jiya yana da rumbu da shanu, yau yana layin karɓar tsaba, bai rasa mutuncinsa tare da dukiyarsa ba. Ban ce a ɓoye halin da gabashin Sakkwato ke ciki ba. Duniya ta san ɓarnar ambaliyar 2010 da harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021 ne ta hanyar waɗanda suka kai labari, kuma shaida a kan zalunci aikin lada ne idan an yi shi don a kawo ɗauki. Amma ana iya nuna gidan da aka ƙone ba tare da fuskar matar da ke kuka a gabansa ba. Gawa kuma haramun ne ka yaɗa hotonta a tsiraice ko cikin jini. Alfarmar mamaci kamar ta mai rai ce, kuma yana da uwa da ƴaƴa masu riƙe da waya.

Akwai kuma haɗarin da kai ba za ka ji shi ba kana Hamburg. Hoton da ya nuna garken wane, ko tarin buhunan albasarsa, ko sabon gininsa, ko hanyar da ake bi a shiga ƙauye, yana iya faɗawa hannun masu garkuwa da mutane da masu kai musu rahoto. Duk hoton da kake da rinjayen zaton zai jawo wa wani cuta, sa shi haramun ne ko da mai shi ya yarda, domin bai san inda abin zai kai ba, kai ka sani. Ka cire sunan ƙauye, ka kashe abin da ke nuna wuri a wayarka.

Game da sayarwa, idan fuskar mutum ce ake saye, ka sanar da shi tun farko, ku yi yarjejeniya a kan abin da za ka ba shi, ka kuma cika. Kada ka sa yaro ya cire rigarsa mai kyau ya sa tsumma don hoton ya fi taɓa zuciyar mai saye, kada ka rubuta a ƙarƙashin hoto abin da ba haka yake ba. Wannan ƙarya ce da algus, kuɗinta ba halal ba ne.

Hotunan da ka riga ka sa, ka zauna ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Na wurare da tsuntsaye da taron da ba a gane kowa, ka bar su. Wanda fuskar mutum ta fito kuma ba ka nemi izininsa yadda na bayyana ba, ka sauke shi har sai ka tambaye shi, ko ka aiki ɗan'uwa a Taloka ya tambayar maka. Wanda ka riga ka sayar, ka nemi mai fuskar ka gaya masa, ka ba shi wani abu daga kuɗin, ka roƙi yafiyarsa. Idan ya rasu ka nemi magadansa, idan ba a same su ba ka yi sadaka da rabonsa da niyyar ladan ya kai gare shi, ka yi masa addu'a.

Allah ne Mafi sani.